Tsofaffin Masallatan Hausawan Sudan: Shaidar Zama Da Ke Neman Salwanta

Duk wanda ke neman abincinsa a kasuwannin kan iyaka, daga Illela da Ƙonni zuwa Jibiya, Maigatari da Gamborun Ngala, ya san darajar takarda. Kaya naka ne, da kuɗinka ka saya, amma idan babu shaida a hannu sai mota ta kwana a shinge ana ta ja-in-ja. To, kamar yadda kaya ke buƙatar takarda, haka ita ma al'umma take buƙatar abin da za ta nuna ranar da aka tambaye ta: yaushe kuka zo nan, kuma wa ya ba ku wurin zama?

A yau za mu leƙa wurin 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani mazauna ƙauyukan Jazira da gaɓar kogin Shuɗin Nilu, wanda mutanen can ke kira Nil Azraƙ, a ƙasar Sudan. Yawancin waɗannan ƙauyuka ba su da ganuwa, ba su da gidan tarihi, wasu ma ba su da takardar mallakar ƙasar da suke zaune a kai. Abin da suke da shi shi ne masallacin gari, da makarantar allon da ke jikinsa, da maƙabartar da aka binne kakanni. Waɗannan gine-gine su ne takardarsu. Ga shi kuwa ruwan sama da yaƙi, da kuma gyaran da ba a yi shi da lura ba, duk suna cin su a hankali.

Yadda aka kafa Mai Wurno

Tun kafin zuwan Turawa mutanenmu ke bin hanyar gabas da ƙafa zuwa aikin Hajji. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina, ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, har ya kai bakin Nilu, daga nan sai Sawakin a bakin Bahar Maliya inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a sami na gaba sannan a ɗaura. Da yawa sun isa Makka sun komo gida, da yawa kuma inda suka yada zango nan ya zama gari.

Babbar ƙaura dai ta zo ne bayan da sojojin Ingila suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a kuwa suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. An tare su a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da ɗaruruwan mabiyansa, Allah Ya jiƙansu da rahama. Cikin waɗanda suka tsira akwai ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ne ya ci gaba da jan ragamar tafiyar. Akwai kuma Alfa Hashim, babban malamin nan na Tijjaniyya, wanda shi ya zarce har Madina ya zauna.

Wajen shekarar 1906 Mai Wurno da jama'arsa suka iso bakin Shuɗin Nilu, suka sauka a garin Shaihu Ɗalha. Daga baya suka ƙetare kogin zuwa gaɓar yamma, suka sari daji, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa, 'yan kilomitoci kaɗan kudu da birnin Sinnar. Larabawan Sudan na furta sunan Mayirno, amma asalinsa Wurno ce ta ƙasar Sakkwato, garin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mai Wurno ya rasu cikin shekarun 1940, sarautar garin kuwa ta ci gaba a gidansa.

Bayan nan sai ga aikin noman auduga na Jazira. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar mai tsawon kimanin kilomita uku, aka fara shayar da filin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wanda daga baya, tare da ƙarin yankin Manaƙil, ya kai wajen fadan miliyan biyu. Wannan aiki ya buƙaci hannu, kuma alhazan da ke kan hanya, waɗanda ake kira Takari ko Fallata, suna cikin waɗanda suka fi ba shi ƙarfi. Daga nan ƙauyukan Hausawa suka yawaita, daga kewayen Wad Madani har zuwa Sinja da Rusairis. Suka yi suna wajen noman bakin kogi da su da ƙananan sana'o'i, har ta kai yau babu birnin Sudan da ba a san agashe ba, naman da sunansa ma ya nuna daga bakin wa ya fito.

Daga jeren duwatsu zuwa hasumiya

Wanda ya san yadda ƙauyukanmu ke kafuwa ba zai yi mamakin yadda masallatan can suka faro ba. Matafiya in sun sauka, abin da suke fara yi shi ne su share fili, su duba alƙibla, su jera duwatsu ko itace a kewaye. Wannan shi ne masallacin farko. Idan zama ya ɗan yi tsawo sai a kafa rumfar kara da zana, wadda a Sudan ake kira rakuba. Idan an ga alamar za a daɗe, sai a ta da bangon ƙasa. Bayan shekaru, idan Allah Ya hore, a sake shi da jan bulo, a rufa da kwano, daga baya a ƙara hasumiya da lasifika. Saboda haka masallaci guda kan ɗauki tarihin zuriya uku ko huɗu a jikinsa, kowace da irin kayan aikinta da irin ƙarfinta.

Akwai dalilai biyu da suka sa ginin dindindin ya yi jinkiri a wurare da dama. Na farko, mutanen da kansu ba su ɗauki kansu mazauna ba. Wani masani ɗan ƙasar Ghana, Bawa Yamba, wanda ya zauna cikinsu ya kuma fitar da littafi a kansu a 1995, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka fara zuwa suna kiran kansu alhazai masu kan hanya. Wanda kuwa yake ganin gobe zai tashi, ba ya zuba dukiyarsa a bango. Na biyu, ma'aikatan gona da yawa an zaunar da su ne a sansanonin da ake kira kambo, jam'insu kanabi, a gefen magudanun ruwa, kan filin da ba a yi masu rajistarsa ba, inda ba a sakar masu mara su yi gini mai ƙarfi ba. Don haka duk inda ka ga tsohon masallacin ƙasa ko na jan bulo a ƙauyen Hausawa, to ka san ranar da aka aza harsashinsa rana ce da jama'a suka yanke shawarar cewa nan gida ne.

Ginin gida da ginin can

Maginanmu na ƙasar Hausa suna da hanyarsu. Ana cuɗa jar ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, a shanya shi ya bushe, sannan a jera shi ana cikewa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya taso da kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi yawa, sai magina suka ƙirƙiro baka, suna ɗaura azara kan azara tana lanƙwasowa daga bango biyu har ta haɗu a tsakiya. Daga nan ne aka sami bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa. A waje kuma a yi shafen makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, a kafa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango, a ƙawata saman da zankwaye.

Da aka isa Jazira sai aka tarar da wata ƙasa dabam. Ƙasar can baƙar laka ce, irin wadda mutanen Gamboru da Dikwa suka sani da suna firki. Da damina ta kumbura ta riƙe ƙafa, da rani ta dare har hannu ya shiga. Auduga na son ta, amma gini ba ya son ta, domin kumburi da tsukewar da take yi kowace shekara su ke tsaga bango tun daga tushe. Dole baƙi suka koyi dabarun masu gari. Sudanawa na gina bangon ƙasa ne da salon da suke kira jalus: ba a yin tubali, sai dai a ɗora kwaɓaɓɓiyar laka layi guda, a bar ta ta sha iska, sannan a ɗora na gaba. Kafin damina a yi wa bangon shafe da zibala, wato kashin dabbobi da aka jiƙa ya ruɓa aka gauraya da ƙasa, aikin da makuba ke yi a wurinmu. A wajen rufi, itacen bagaruwa, wanda suke kira sunut kuma yake da yawa a gaɓar kogin, ya tsaya a matsayin azara. Indararo kuma shi ne sabaloƙa a bakinsu. Masu hali kan sayi jan bulo da ake ƙonawa a bakin kogi.

Ko da kayan gini sun sauya, tsarin zama bai sauya sosai ba. Masallaci na nan kusa da ƙofar mai gari ko ta liman. A harabarsa akwai randunan ruwa, waɗanda can ake kira zir, da inuwar da dattawa ke zama bayan La'asar. A gefe ga makarantar allo, wadda Sudanawa ke kira halwa, inda yara ke karatu da asuba da dare, a da ma a bakin wutar kara, kamar dai yadda ake yi a tsangayun Haɗeja da Gashuwa. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake raɗin suna, a nan ake sallar gawa, a nan ake sasanta manomi da makiyayi. Baƙon da ya sauka da dare ba shi da masauki, masallaci yake nufa. A bakin dattawan da ke zama a wannan haraba ake jin sunayen limaman da suka gabata ɗaya bayan ɗaya, da garin da kowannensu ya fito, ko Kano ko Haɗeja ko Gobir ko Damagaram.

Me ya sa wannan shaida ke da muhimmanci?

Tambayar "yaushe kuka zo?" ba ta wasa ba ce a Sudan. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa na wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Mai karatu zai lura cewa wannan rana ta riga yaƙin Burmi da fiye da shekara biyar, ke nan ta bar jama'a masu yawa a waje, har da waɗanda aka haifa a can. Dokokin da suka biyo baya sun matso da ranar har zuwa farkon 1956, shekarar samun mulkin kai, amma kallon baƙo da ake yi wa Bahaushe bai gushe gaba ɗaya ba.

A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a yankunan Rusairis da Damazin tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar, kan batun ƙasa da sarautar gargajiya, ya kuma sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi. An yi asarar ɗaruruwan rayuka, dubban mutane suka bar gidajensu. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai yaƙi ya tashi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwambar 2024 da Wad Madani a Janairun 2025. Garin Mai Wurno na kan hanyar da ta haɗa Sinnar da Sinja ne. A wannan yaƙi hatta babban gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum bai tsira daga wawashewa ba, balle akwatin littattafan limamin ƙauye.

Ba mu ce tsohon bango zai kashe wutar rikici ba. Zaman lafiya sai da adalci da fahimtar juna tsakanin maƙwabta, waɗanda galibinsu ma sahu ɗaya suke tsayawa ranar Juma'a. Amma ranar da aka zauna teburin sulhu, ko aka zo rajistar filaye, al'ummar da za ta iya nuna masallacin da kakanninta suka gina, da jerin limamansa, da kaburburan zuriya huɗu, ta fi ƙarfin baki a kan wadda ba ta da komai sai "an ce".

Darasi daga wasu wurare

Birnin Sinnar da ke maƙwabtaka da Mai Wurno ya isa misali. Shi ne hedikwatar daular Funj daga 1504 zuwa 1821, yana da fada mai benaye da babban masallaci. Yau tsohon birnin kufai ne, kuma yawancin abin da aka sani game da siffar fadar daga zanen wani Bafaranshe ne mai suna Cailliaud da ya gan ta a 1821. Haka Sawakin, inda kakanninmu suka hau jirgin Jidda: da aka mayar da harkar jiragen ruwa Port Sudan a farkon ƙarni na 20, gidajenta na dutsen murjani suka yi ta zubewa saboda babu mai kula.

A gida ma muna da abin tunawa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, yana cikin gine-ginen ƙasa mafi ƙayatarwa a Afirka. A shekarun 1970 aka kewaye shi da ginin zamani. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na rufinsa ya rufta kan masallata lokacin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. A Jamhuriyar Nijar kuwa, masallacin ƙasa na Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, da jama'a suka buƙaci masallaci mafi girma, sai aka gina sabo a gefe, aka gyara tsohon aka mai da shi ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018. Kowa ya samu, ba a rasa komai ba.

Su ma Turawan Ingila da suka ci mu da yaƙi suna da wata al'ada da ta cancanci a duba. Kusan kowane ƙauye nasu yana da tsohon coci, wasu sun haura shekara 800, kuma fiye da 12,000 daga cikinsu suna cikin rajistar gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a sauya ba da izini ba. Tun 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Shi ya sa Baturen da kakanninsa suka yi ƙaura zuwa Amurka shekara 300 da suka wuce yake iya komawa ƙauyensu ya buɗe littafi ya ga sunansu. Bugu da ƙari, tun 1955 dokar cocinsu ta wajabta a kawo masanin gini ya duba kowane coci duk bayan shekara biyar, ya rubuta abin da ke buƙatar gyara. Addini dabam, amma dabarar rubutawa da dubawa a kan lokaci ba ta da ƙabila.

Kira ga 'yan kasuwa

Mun kawo wannan bayani a wannan shafi ne saboda mun san cewa a ƙasar Hausa da wajenta, aljihun ɗan kasuwa ne ke gina masallaci. Da zarar ƙura ta lafa a Sudan za a shiga gyare-gyare, kuma za a zo neman taimako wurin fatake da 'yan'uwa mazauna Saudiyya da sauran ƙasashe. Abin da muka saba gani shi ne, da kuɗi sun shigo sai a kawo katafila a baje tsohon gini, a ta da na siminti, a manna tayil. Niyya mai kyau ce, Allah Ya ba da lada. Sai dai a rana guda an share abin da ba za a iya saye da kuɗi ba.

Shawararmu ga duk mai niyyar taimakawa ita ce ya nemi a yi sabon gini a gefe ko a faɗaɗa, a bar tsohon mihrabi da bangon alƙibla a tsaye in har ba su zama haɗari ga masallata ba. A guji shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa, domin yana kulle danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da zai zube. Ginin ƙasa ba ya son komai kamar yaɓe a kan kari, da indararo mai kyau, da hanyar da ruwa zai bi ya yi nesa da tushe. Kwamitin masallaci ya sa magini ya hau rufi ya duba itace kafin kowace damina, kuma a ware wani abu daga asusu don wannan aiki kaɗai. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sauran aikin kuwa ba ya cin ko sisi. Wayar da ke aljihun kowane yaron shago ta isa a ɗauki hoton masallaci ciki da waje, da rubutun da ke bango in akwai, da tsofaffin Alƙur'anai na hannu da gafakarsu, da wasiƙun da limamai suka bari. A zauna da dattawa a naɗi muryarsu: wa ya fara limanci, daga wane gari ya fito, a wace shekara aka yi rufin kwano, wa ya haƙa rijiya. A rubuta a littafi da Hausa da Larabci, a ajiye kwafi a gari, a aika wani wurin dangi a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato, yadda ko wuta ta ci ɗaya, ɗaya na nan. Tutar Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka ɗauke a 1903 ta dawo Sakkwato a 1960 ne saboda an adana ta. Abin da aka bari ya lalace kuwa, babu mai dawo da shi.

Wannan kira bai tsaya kan Sudan kaɗai ba. A Illela, a Madarumfa, a Maigatari da kowane zangon Hausawa daga Kumasi zuwa Gadarif, akwai tsohon masallacin da fatake suka gina, wanda yau jikokinsu ke shirin rushewa. Kafin a ɗaga diga, a tsaya a tambayi dattawa, a ɗauki hoto, a rubuta.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta dama a kan hanyar gabas. Amin.